Keken Kwance a Hanyar Malbaza

  Yau zancen keke na kawo muku.

Na san wani zai ce, "Keke kuma? Me ya rage a cikin keke wanda ba mu sani ba?" Yana da gaskiya. Babu ƙauyen da ba a san keke ba. Kakanninmu sun hau Raleigh na Ingila, iyayenmu sun hau Phoenix na ƙasar Sin. A zamaninsu, saurayin da ya sayi sabon keke ya isa zuwa zance kowane gari. Sai ya naɗe ƙarfensa da leda mai launi, ya sa madubi biyu, ya yi ta kaɗa ƙararrawa ko da babu kowa a hanya.

Yanzu babur ya zo. Babur abu ne mai amfani, ba wanda zai musa. Amma tun da ya zo, keke ya zama abin kunya. In an ga magidanci bisa keke sai a ce, "Wane ya karye." Shiga gidaje ka gani. Ga keke can jingine bayan rumbu, taya ta sace, tsatsa ta ci sarƙa, kaji suna kwana a kansa.

Ga abin da ya sa na damu. Ni malamin yaƙi da jahilci ne. A ajinmu akwai masu zuwa daga ƙauyuka masu nisan kilomita 5 ko 6. Da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man ruwa-ruwa da mu ke saye a kwalba ya yi tsada. Sai na ga tabarmar aji ta fara yin fili. In na tambayi mutum abin da ya hana shi zuwa, sai ya ce ba kuɗin mai. In na ce, "To, ina kekenka?" sai dattijo ya ce, "Mushe, bayana ba ya ɗauka." Matashi kuwa sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Watau ɗaya ciwo ya hana shi, ɗaya kunya. Ga baƙaƙe sun fara zama a kai, ga mutum ya iya rubuta sunansa, sai ya bari saboda tafiyar rabin awa.

Ciwon nan da kunyar nan duka suna da magani. A kan wani baƙon keke na gane haka, shi ya sa zan ba ku labarinsa.

Mene ne keken kwance?

Kun san kujerar nan ta ƙarfe da a ke saƙawa da igiyar roba, wadda a ke jingina a ciki ana shan shayi? To, ku ɗauka an ɗora ta tsakanin taya biyu. Mai hawa yana zaune a ciki, bayansa a jingine, ƙafafunsa miƙe a gaba. Feda tana can gaba, inda ƙafafun su ke. Wannan shi ne keken kwance. Ba a kwance sosai mutum ya ke ba, a kishingiɗe ya ke.

A keken da muka saba, nauyin jiki yana sauka a wuri uku: kan ɗan sirdin nan, da tafin hannu, da feda. Shi ya sa in tafiya ta yi nisa mazaunai su ke zafi, hannu ya yi sanyi, wuya ya ƙage. A keken kwance kuwa, nauyin yana bazuwa cikin kujera tun daga kafaɗa har ƙugu. Hannu ba ya ɗaukar kome, tuƙi kawai ya ke yi.

Ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Charles Mochet, ana faɗinsa Sharl Moshe, shi ya ƙera wanda ya yi suna. Ran 7 ga watan Yuli na 1933, a birnin Paris, wani ɗan tsere mai suna Francis Faure ya hau shi, ya yi kilomita 45 da mita 55 cikin awa ɗaya. Kafin nan, wanda ya riƙe kambin shi ne Oscar Egg na ƙasar Suwizalan, wanda ya yi kilomita 44 da mita 247 a 1914. Shekara 19 ba a wuce shi ba, sai ga mutum a kishingiɗe ya wuce shi. Alhali kuwa ba a lissafa Faure cikin manyan zakarun lokacin.

Abin bai yi wa manyan tsere daɗi ba. A 1934 ƙungiyar tseren keke ta duniya ta hana shiga gasarta da irin wannan keke. Masana'antu kuwa abin da zakaru su ke hawa shi su ke ƙerawa da yawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa keken kwance bai yawaita ba, har bai iso kasuwanninmu ba. Amma masu sha'awarsa ba su bar shi ba. A 2016, a jihar Nebada ta Amurka, wani ɗan Kanada mai suna Todd Reichert ya shiga wani keken kwance da aka rufe da ɓawo kamar ƙwai, ya kai gudun kilomita 144 a awa. Babu inji, babu mai, ƙafa ce kawai.

Ina asirin ya ke? A iska ya ke. Ka taɓa ɗauko kwanon rufi a ka ranar da a ke iska? In ka shimfiɗe shi, kana tafiya. In ka tsai da shi ya fuskanci iska, sai ta mai da kai baya. Mai keken tsaye kamar kwanon da aka tsayar ya ke, ƙirjinsa duka yana tare iska. In ya ninka gudunsa sau 2, turin iska ya ninka sau 4. Mai keken kwance kamar kwanon da aka shimfiɗe ya ke, iska tana bi ta bisansa ta wuce.

Yadda na samu nawa

A wayar hannu na fara ganin hotonsa. Na kai wa wani mai walda, na ce, "Maigida, za ka iya wannan?" Ya daɗe yana kallo, kana ya ce, "Malam, in ka kawo ƙarfe, hannu yana nan." Na sayi matattun kekuna biyu. Ya yanka, ya haɗa. Tayar baya babba ce, ta gaba kuwa ta keken yara ce. Sarƙa uku muka haɗa, muka rage kaɗan, gama daga feda zuwa tayar baya akwai nisa. Kujerar kuwa mai saƙa kujeru ne ya saƙa ta da igiya kore da fara.

Koyonsa ya ɗauke ni kwana 3 a filin ƙwallo. Wuyarsa a tashi ta ke. Sai ka ɗora ƙafa ɗaya a feda, ka tura da ƙarfi, ka saki kafaɗa, ka dubi nesa. In ka ƙanƙame kan keken sai ya yi ta rawa. In ka sake jiki sai ya miƙe.

A kan hanya

Ranar da ba aji, in na yi sallar asuba sai in cika gora da ruwa in kama kwalta. Daga Ƙonni na kan yi gabas. Kamar kilomita 15 sai Tsarnawa, inda hanya ta rabu: ta hagu ta nufi Badagishiri da Tawa, ɗayar ta miƙe Malbaza, da Galmi, da Madawa, har Maraɗi. Yawanci ta Malbaza na ke bi.

Da hunturu iska daga gabas ta ke busowa, watau a fuska ta ke samun mai fita daga Ƙonni. Nan keken kwance ya ke nuna halinsa. Sai in ga masu keken tsaye sun duƙa, suna nishi, riga ta kumbura kamar tanti. Ni kuwa ina ƙasa, iskar tana wucewa. In na juyo gida kuma, tana bayana tana raka ni.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne gani. A keken tsaye, in ka gaji, tayar gaba kawai ka ke kallo. A wannan kuwa fuskarka tana sama. Shekara nawa ina bin hanyar nan a mota da babur, amma sai yanzu na san ta. Na ga ruwa yana bin magudanan lambunan Ƙonni da sassafe, masu albasa sun riga rana fita. Na ga gawo ya yi kore shar da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Na ga rudun albasa jere a gefen ƙauyuka. Na ga shamuwa ranar da ta fara sauka, na zo gida na ce a fara gyaran gona. Can kuma sai ka hango masana'antar siminti ta Malbaza tun ba ka iso gari ba, ka san tafiya ta yi kyau.

Akwai kuma karatu a hanya. Duwatsun nan farare masu jan kai da a ke kafawa a gefen kwalta, kowanne da sunan gari da lamba. Da can, ga mai yawanmu ado ne kawai. Yanzu da ka iya karatu, magana su ke yi maka. Mai babur ya wuce su fuu. Mai keke yana da lokacin haɗa baƙi da wasali.

Mutane fa? Kai, sai wanda ya gani! Yara su biyo ni da gudu suna ihu, "Ga keken malalaci!" Masu kabu-kabu su rage gudu su jera da ni suna tambayar nawa na saya. Wata tsohuwa mai fura ta ce, "Sannu ɗana, Allah ya ba ka lafiya." Ta ɗauka ƙafa ce ba ni da ita. Wani dattijo kuma a wata mahaɗa ya tsai da ni, ya kewaya keken sau biyu. Na ce, "Baba, zauna ka ji." Ya tattara rigarsa ya zauna, ya jingina, ya lumshe ido, ya ce, "Yaro, wannan ai kujera ce aka yi wa ƙafafu."

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Mushe, ina zuwa?" In na ce ba ko'ina, sai a yi shiru, a ɗauka ɓoyewa na ke yi. A wurinmu ba a hawa keke sai da dalili: kasuwa, ko gona, ko gaisuwar mutuwa. Amma ku tuna da masu doki. In la'asar ta yi, mai doki ya ɗaura sirdi ya fita bayan gari, ya zaga ya komo. Me a ke kiran wannan? Kilisa. Wa ya taɓa cewa mai kilisa ya karye? To, yanzu in an tambaye ni sai in ce, "Kilisa na fito." Sai a yi dariya, a ce a sauka lafiya. Wanda aka yi wa dariya a keken kwance bai mutu ba, balle kai mai keken da kowa ya sani.

Kilisar nan kuma magani ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Da damina manomi ya fi ƙarfin wannan lissafi. Amma mai tebur, da tela, da malami irina, da wanda babur ya zame masa ƙafa ko zuwa masallaci, su ya kamata su ji. Zama wuri ɗaya yana taimakon hawan jini da ciwon sukari su kama mutum.

Inda ba ya da daɗi

Kada ku ce na zo tallan keke. Keken kwance yana da nasa aibi, kuma zan faɗa muku.

Ba ya son rairayi. Ƙaramar tayar gaba tana nutsewa, sai ka sauka ka tura, turinsa kuwa sai an duƙa. Hanyoyin ƙauyukanmu da yawa rairayi ne.

Ba ya son hawa. Wanda ya bi hanyar Badagishiri zuwa Illela, ko ya shiga ƙasar Adar, ya san tudu. A keken tsaye kana miƙewa ka danna feda da nauyin jikinka. A wannan ba halin miƙewa, sai haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ba ya ɗaukar kaya kamar Phoenix. Buhun albasa, ko jarka huɗu ta ruwa, ko damin hatsi, wannan aikin keken tsaye ne. In rana ta take kuma, a fuska da ƙirji ta ke dukanka.

Babban aibinsa shi ne gajarta. Kana ƙasa, direban babbar mota yana sama. Hanyar nan kuwa ta manyan motoci ce, masu siminti da masu albasa, dare da rana.

Malamina a kan hanya

Wanda ya koya mini maganin wannan ɗalibina ne. Saurayi ne da cutar shan inna ta kama tun yana yaro. Yana da keken nan mai taya uku da a ke tuƙawa da hannu, wanda kowa ya sani a kasuwannin Ƙonni da Galmi. Ku dube shi da kyau: ga kujera mai majingini, ga mutum zaune ƙasa-ƙasa, ga sarƙa. Ashe ɗan'uwan keken kwance ya daɗe a garinmu, ba mu lura ba. Maƙeranmu su ke yin sa, a Kano ma masu shan inna da kansu su ke ƙera shi a ƙungiyarsu. A duniya kuwa har tsere a ke yi da keken hannu: tun 2004 yana cikin babbar gasar naƙasassu ta duniya.

Ranar da ya fara ganin nawa ya yi dariya har da tafi, ya ce, "Mushe, barka da shigowa cikinmu!" Kana ya ce, "Amma ka sa tuta. Mu na ƙasa ba a ganinmu." Shi ya nuna mini in ɗaura doguwar sanda a bayan kujera, in sa jan ƙyalle a kanta. Shi ya ce in sa madubi, in na hango babbar mota biyu za su haɗu kusa da ni, in sauka gefe in ba su wuri. Shi ya nuna mini inda tsaida ta ke yawa a bakin hanya, ƙayar nan da ta ke huda taya.

Daga gidansu zuwa aji akwai tafiya, da hannu ya ke yin ta. Mai ya yi tsada ko ya yi araha, bai taɓa fashi ba. Yau shi ya ke rubuta wa maƙwabtansa wasiƙa. In kun gamu da irinsa a hanya, ku masu babur da amalanke, ku ba shi wuri, hanyar ta kowa ce. Ku kuma iyaye, a 2020 an ba da sanarwa cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, amma akwai wani irinta da ya ke ɓullowa inda yara ba su sami rigakafi ba. In masu ɗigo sun zo, ku fito da yara.

To, kai fa?

Ba na ce kowa ya je wurin mai walda ba. Abin da keken kwance ya koya mini shi ne, ana gyara keke ya dace da jikin mai shi, kamar yadda tela ya ke gwada riga. Yawancin ciwon da dattawanmu su ke kuka da shi daga rashin gyaran nan ya ke. Ga abin da za ka yi wa naka.

Na ɗaya, tsawon sirdi. Ka hau, wani ya riƙe maka. Ka sa diddige a feda sa'ad da ta ke can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, daidai ne. In gwiwa ta lanƙwashe, sirdi ya yi ƙasa, shi ke kawo ciwon gwiwa. In sai ka karkata ƙugu kafin ka kai, ya yi sama.

Na biyu, kan keke. In kana duƙawa da yawa kafin ka kama shi, a ɗaga maka shi, bayanka ya huta. Sirdin kuma ya kwanta daidai, kada bakinsa ya dubi sama. In ka yi duk wannan ciwon bai bari ba, ka je likita a duba ka.

Na uku, iska da mai. Taya mai laushi tana cin ƙarfi, tana kuma saurin hujewa. Sarƙa kuwa, a goge ƙura da tsumma tukuna, kana a ɗiga mai kaɗan. Mai da yawa ƙura ya ke kira.

Na huɗu, tsaron kai. Ka gwada burki kafin ka fita. Ka bi hannun dama. Ka tattara riga kada sarƙa ta kama ta. Da dare ka sa fitila, ka sa farin kaya. Da bazara ka fita da sassafe ko bayan la'asar, da ruwanka.

Na biyar, ka ɗauko littafinka mu yi lissafi. A ce kana sayen mai na dala 100 kowace rana don ƴan tafiye-tafiyen kusa. A kwana 30, jika 15 ke nan. A wata 12, jika 180. Ka sa naka adadin na gaskiya, ka buga, ka gani. Ba sai ka sayar da babur ba. Ka bar shi don tafiya mai nisa, da kai marar lafiya asibiti. Na kusa kuwa, keke ya isa.

Dattijon nan na ajinmu mai ciwon baya, mun ɗaga masa kan keke, mun sake masa sirdi. Ya komo aji, yanzu yana shafi na 20. Matasa biyu sun biyo shi, gama sun ga babba ya hau, ba wanda ya ce uffan.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke. Kai kada ka jira ta. Gobe ka fito da naka daga bayan rumbu, ka kore kaji, ka kai wa mai faci. Ran Juma'a bayan la'asar ka yi kilisa har dutsen kilomita na farko, ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa. In ka komo, ka rubuta abu uku da ka gani a hanya, ka aiko wa wannan jarida da hannunka. Ke ma ƴar'uwa, in ɗiyarki tana tafiya lakwal mai nisa, keken nan na bayan rumbu zai rage mata hanya.

Allah ya kiyaye mu a hanya, ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani. Amin.